Jarida ta yi mana ƙarya a Legas: mu je ofishinsu ko mu yi shiru?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 11 ina sayar da albasa a nan Legas. Kwanakin baya rigima ta tashi a bakin kasuwarmu tsakanin wani yaro ɗan dako da ɗan kamashon mota a kan kuɗin sauke kaya. An yi jefe-jefe, an fasa gilashin mota biyu, dattawa suka shiga tsakani kafin azahar. Washegari sai ga labari a wata jaridar intanet wai 'yan daba Hausawa sun far wa mutanen unguwa da makamai, har da hoton wata gobara da ba a wurinmu aka yi ta ba. Ba wanda ya zo ya ji ta bakinmu. Yaranmu sun fusata, wasu na cewa a je ofishin jaridar, wasu sun cika Facebook da zagi. Me ya kamata talaka ya yi idan aka yi masa haka?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba, ya saka wa dattawan da suka kashe wutar da alheri. Idan na fahimce ka, tambaya biyu ka haɗa: yadda za a sa jaridar ta gyara abin da ta rubuta, da yadda za a hana a sake yi muku irin wannan. Ta farko tana da hanyoyinta sanannu. Ta biyu ta fi wuya, kuma ita ce ta fi damuna. Na daɗe ina aiki a ɗakin labarai a garin nan, da farko ina fita neman rahoto, daga baya na koma teburin da ake tace labari a sa masa kanu, don haka abin da na gani daga ciki zan gaya maka.

Kafin komai, ka tsayar da yaran nan. Ranar da matasa talatin suka tsaya a ƙofar gidan jarida suna ihu, ranar aka ba ta labari na biyu, wannan karon da hoto na gaskiya, kuma duk wanda ya karanta na farko zai ce ai ga shi nan. Zagin Facebook ma haka yake. Ana ɗaukar hoton kalaman da suka fi muni a baza su, a ce ga irin mutanen da ake magana a kansu.

Yadda labari ke karkacewa

Ba kullum ƙiyayya ce ke jawo irin wannan ba, ko da yake akwai ta, na kuma zauna da masu ita. Mafi yawan lokaci gaggawa ce da nisa. Aikin jarida a ƙasar nan a Kudu maso Yamma ya yi saiwa: Iwe Irohin ta fara fitowa a Abeokuta a 1859, Daily Times a Legas a 1926, West African Pilot a 1937, Tribune a Ibadan a 1949. Gaskiya Ta Fi Kwabo sai a 1939 ta fito a Zariya, New Nigerian kuma a 1966 a Kaduna. Har gobe manyan jaridun Turanci da gidajen talabijin masu zaman kansu da yawa a Legas suke da hedikwata. A ɗakunan labaran da na yi aiki, sau da yawa ni kaɗai ne mai jin Hausa. Wakilin da aka tura Mile 12 ko Agege ko Alaba Rago, wuraren da 'yan Arewa suke da yawa a Legas, idan ya isa, wanda yake jin harshensa zai tara, wanda ba ya ji kuma ya wuce shi. Haka ake samun labari mai shaidu uku duk daga ɓangare ɗaya, shi kuwa wakilin yana ganin ya yi aikinsa.

Wannan ma idan ya je ke nan. Yawancin ƙananan jaridun intanet ba sa tura kowa ko'ina. Mutum ɗaya ne zaune da waya, ya ga wani ya wallafa bidiyo, ya kwafi abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, ya nemo hoton da zai ja ido ya liƙa. Kuɗin tallar da yake samu ya dogara da yawan waɗanda suka danna labarin, kuma "ɗan dako ya yi faɗa da ɗan kamasho" ba ya jan dannawa kamar "Hausawa sun kai hari". A manyan gidaje ma, wanda ya rubuta labarin ba shi ke sa kanu ba. Na sha ganin wakili ya kawo rahoto mai tsabta, wanda ke tebur ya ɗora masa kanun da ya fi ƙarfin abin da ke ciki. Ni kaina na taɓa barin sunan ƙabila ya wuce a kanun wani labarin fashi saboda haka sanarwar 'yan sanda ta zo da shi, ban tsaya na tambayi kaina me ƙabilar mutumin ta ƙara wa labarin ba. Har yau abin yana damuna. Ga kuma gidajen da ke yin watanni ba su biya albashi ba, wakilinsu ya dogara da na goron da ake ba shi a wurin taro. Wanda ba shi da abin bayarwa, muryarsa ba ta cika isa shafi ba.

Na kawo wannan ne don ka san wanda kake magana da shi, ba don in wanke kowa ba. Ɗaura wa ƙabila laifin mutum ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Waɗanda suka daɗe a Ikko ba su manta da rikicin ƙabilanci na unguwar Idi-Araba a Fabrairun 2002 ba, haka nan rikicin Mile 12 na Maris ɗin 2016, wanda ya faro daga saɓani da wani ɗan acaɓa a unguwar Agiliti, aka rasa rayuka, gwamnati ta rufe kasuwar. A Maris ɗin 2025 kuma an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan an laƙaba musu sunan masu garkuwa da mutane. Kalmar da aka daɗe ana maimaita wa mutane tana zama abin da suke gani idan sun kalli baƙo.

Ku tsefe labarin tukuna

Kuskuren da jama'a suka fi yi shi ne su ce "labarin duk ƙarya ne". Edita ya ji haka sai ya duba, ya ga ai an yi faɗan, an fasa motocin, ya ajiye kokenku. Ku zauna da wani mai Turanci sosai, ku bi labarin layi-layi. Akwai abin da ƙarya ne ƙarara, wanda za a iya nunawa da hujja: hoton gobarar nan, da maganar makamai idan babu su, da cewa an far wa mutanen unguwa. Akwai abin da aka ɓoye, wato musabbabin faɗan da sulhun da dattawa suka yi. Sai kuma zaɓen kalma, irin "'yan daba" da "Hausawa". Na farkon shi ne makaminku mafi kaifi, domin babu editan da zai iya kare hoton ƙarya.

Hoton yana da sauƙin bincike. A ɗora shi a Google Lens, zai nuna wuraren da ya taɓa fitowa a intanet, sau da yawa har da shekarar. Idan ya fito cewa gobarar wata kasuwa ce ta shekarun baya, a ajiye adireshin shafin. A kuma ɗauki hoton labarin nasu yadda yake yanzu, da kwanan wata da sunan marubucin, saboda jaridun intanet kan sauya rubutu a ɓoye su ce ba su taɓa faɗin haka ba. Duk wanda ya ɗauki bidiyo a ranar da wayarsa, a karɓi na asali daga wayar, ba wanda ya zagaya WhatsApp ba. Idan an kai maganar ofishin 'yan sanda, a san wane ofishi ne da abin da aka rubuta a can.

Wasiƙar neman gyara

Kuna da haƙƙi, kuma 'yan jarida da kansu suka rubuta shi. Kundin ɗa'ar aikin jarida na Najeriya, wanda aka amince da shi a Ilorin a 1998, ya ce idan an buga abin da ba daidai ba a gaggauta gyarawa, ya ce ba wa wanda aka ambata damar mayar da martani ginshiƙi ne na aikin, ya kuma hana ambaton ƙabilar mutum ko addininsa ta hanyar wulaƙanci. Idan kun rubuta, ku ambaci wannan kundi. Editan da ya ga kun san shi zai gyara zama.

Wasiƙar ta zama gajeriya, shafi ɗaya, da Turanci, a kan takardar ƙungiyar kasuwarku mai hatimi. A aika wa edita, a kuma sanar da wakilin da sunansa ke kan labarin. A faɗi kanun labarin da ranar da ya fito. A jera kurakuran ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hujjarsa a gefe. Sannan a faɗi abin da ake so a fili: a cire hoton, a gyara kanun, a rubuta a ƙasan labarin cewa an yi gyara, a kuma buga bayaninku. A sa lambar wayar mutum ɗaya wanda zai ɗauka idan an kira. Kada a sa zagi, kada a sa barazana, kada a kawo tarihin duk abin da aka taɓa yi wa 'yan Arewa tun daga zamanin Sardauna. Na karanta wasiƙu irin waɗannan masu shafi biyar, gaskiya ce cike da su, amma ba a buga ko ɗaya ba saboda ba wanda ya gane takamaiman abin da ake nema a gyara.

Lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Gyaran da aka nema a cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya tsayar da labarin kafin wasu shafuka su kwafe shi. Naku ya ɗan kwana biyu, amma duk da haka ku aika, domin labarin intanet ba ya mutuwa. Bayan shekara uku wani zai nemi sunan kasuwarku ya ci karo da shi. A aika ta imel, a kuma kai kwafi da hannu, mutum biyu masu natsuwa, a sa mai karɓa ya buga hatimi a kan kwafinku.

Idan sun yi kunnen uwar shegu

A ba su kamar mako guda. Daga nan akwai inda ake kai ƙara. A Afrilun 2023 ƙungiyoyin masu gidajen jarida da editoci da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da masu gidajen rediyo da talabijin suka ƙaddamar da Hukumar Karɓar Koke-koke kan Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa, ƙarƙashin jagorancin Emeka Izeze, tsohon shugaban jaridar Guardian. An kafa ta ne don mutane irinku su sami wurin kai kuka ba sai sun je kotu ba, kuma za a so a ga cewa kun fara tuntuɓar gidan jaridar, shi ya sa kwafin nan mai hatimi yake da amfani. Akwai Majalisar Kula da Jaridu ta Najeriya da aka kafa a 1992, sai dai ta daɗe tana takun saƙa da masu jaridu, ƙarfinta bai kai sunanta ba. Idan kuwa rediyo ko talabijin ne suka yi muku, hukumar NBC ce ke ba su lasisi, kuma kundin ƙa'idojinta ya tanadi damar mayar da martani. A Mayun 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa hukumar ba ta da hurumin cin tashoshi tara, amma har yanzu babu tashar da ke son a kai sunanta can.

Gaskiyar magana, waɗannan hanyoyi suna aiki ne a kan gidajen da ke da suna da ofishi da abin da suke tsoron rasawa. Shafin da mutum ɗaya ke gudanarwa daga ɗakinsa ba ya cikin wata ƙungiya, ba ya jin kunyar kowa. Irin wannan, abin da na ga ya fi cin sa shi ne masu bin diddigin labarai. Dubawa, wadda aka kafa a 2018, da Africa Check da FactCheckHub duk suna karɓar abin da jama'a suka turo su bincika, akwai kuma Alkalanci da ke yin wannan aiki da Hausa. Hoton ƙarya irin naku shi ne abin da suka fi saurin kamawa. Idan suka wallafa cewa hoton na wani wuri ne, kun sami takardar da ba daga bakinku ta fito ba, wadda za ku iya turawa duk inda aka tura na farko. Ku kuma kai labarinku wasu gidajen. Daily Trust da Aminiya da sassan Hausa na gidajen rediyon waje za su saurare ku, amma kada ku tsaya nan, domin maƙwabcinku Bayarabe ba can yake jin labari ba. Ku nemi shirye-shiryen rediyo na safe da ake buga waya, na Yarbanci da na Pidgin, a nan ne mutanen unguwarku suke.

Batun kotu, ni ba lauya ba ne, kuma ina ba da shawarar a tuntuɓi lauya kafin a ɗaga ƙafa. Abin da na sani daga shari'o'in da aka yi da gidajen da na zauna shi ne, ƙarar ɓata suna tana buƙatar a nuna cewa wani takamaiman mutum ko kamfani aka nufa. Idan an ce "Hausawa" kawai, da wuya kotu ta yarda cewa kai Alhaji aka ɓata wa suna. Idan kuwa an ambaci sunan mutum, ko an sa hotonsa an kira shi ɗan daba, wannan wani abu ne daban. Shari'ar tana cin shekaru da kuɗi, amma sau da yawa wasiƙa ɗaya daga ofishin lauya ta isa ta sa a sauke labari. Wani abin da ya kamata ku sani: tun 2021 dokar shari'ar laifuka ta jihar Legas ta hana 'yan sanda yin holin waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida, kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar. Idan aka kama yaranku aka jera su gaban kyamara, akwai abin da lauya zai riƙe.

Kada in yaudare ka. Gyara ba ya taɓa kaiwa inda ƙaryar ta kai. Mutum dubu sun karanta kanun, ƙalilan ne za su dawo su ga an sauya shi. Shi ya sa na ce tambayarka ta biyu ce ta fi damuna.

A san ku kafin rana ta ɓaci

Ɗan jarida yana da littafin lambobin waya, kuma idan abu ya faru waɗanda ke cikin littafin yake kira. Yana da lambar kakakin 'yan sanda, da ta shugaban ƙaramar hukuma, da ta shugaban 'yan tasha, da ta baale, wato mai unguwar Yarabawa. A shekarun da na yi, da wuya in ga lambar wani daga cikin 'yan kasuwarmu a littafin abokan aikina. Idan ma akwai, an kira sai a ce Alhaji ya tafi masallaci, ko a ce ba ma magana da 'yan jarida. Sai wakilin ya rubuta cewa ya nemi jin ta bakinsu bai samu ba, ya wuce. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma fa sai mai ita ya yarda ya rera.

Kasuwarku ta zaɓi mutum ɗaya ko biyu su zama bakinta. Ba lallai ne shugaba ba. A nemi mai sanyin rai, mai Turanci, idan da hali mai jin Yarbanci. Agege cike take da 'ya'yanmu da aka haifa a nan, suna Yarbanci kamar Yarabawa, wasunsu sun gama jami'a. Shi wannan mutum ya nemi wakilan da ke ɗauko labaran cikin gari da na kasuwanni ya gabatar da kansa tun babu rigima. Hanya mafi sauƙi ita ce farashi. 'Yan jarida kullum suna neman wanda zai bayyana musu dalilin da buhun albasa ya tashi, nawa ake biyan mota daga Sakkwato ko Aliero, shingaye nawa direba ke tsayawa kafin ya shigo gari. Wanda ka taimaka wa da wannan sau uku, ranar da aka yi faɗa kai zai fara kira. Na ga wannan ya yi aiki da idona a wata kasuwar dabbobi: sakatarensu ya saba da wakilinmu ta hanyar farashin raguna gab da Babbar Sallah, da wata hatsaniya ta tashi daga baya, maganarsa ce ta fito a sakin layi na biyu. Kuma duk ranar da wani abu ya faru, a fitar da gajeren bayani a rubuce cikin sa'o'i biyu ko uku: abin da ya faru, ƙarfe nawa, wa ya ji rauni, wa ya sasanta. A haɗa da masu unguwanni da fadar Sarkin Hausawan yankin don bakin ya zama ɗaya.

Namu ɓangaren

Akwai abin da ba zan tsallake ba. Saƙonnin murya da ke yawo a wayoyinmu, masu cewa ana kashe 'yan Arewa a Legas kowa ya shirya, suna yin ɓarnar da ta kai ta jaridar nan. Suna isa Kano da Katsina cikin minti kaɗan, ga kuma 'yan Kudu zaune a can. A Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, hotunan da suka tunzura mutane a Facebook har da bidiyon da binciken BBC ya gano a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012, kuma an tare matafiya a hanya an kashe su. A nan Legas, da cutar Ebola ta shigo a 2014, saƙon a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi ya zagaya ƙasar a dare ɗaya, mutane suka kwanta a asibiti, wasu suka rasu. Duk waɗanda suka tura waɗannan saƙonni gani suke taimako suke yi. Labarin da ya yi daidai da abin da zuciyarka ta riga ta yarda da shi, shi ne ya fi cancanta ka tsaya ka tambaya wa ya gani da idonsa, a ina, yaushe. Ka kuma ja kunnen yaran cewa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama mutane da shi a kan abin da suka rubuta. Barazanar da yaro ya rubuta cikin fushi tana iya kai shi inda marubucin labarin bai je ba.

Saboda haka a wasiƙarku ku faɗi maganar gilashin mota biyun nan da bakinku, ku faɗi ko an biya masu su. Idan yaronku ne ya fara jifa, a rubuta haka. Editan da ya ga kun faɗi abin da bai yi muku daɗi ba zai yarda da sauran. Kuma tunda dattawan ɓangarorin biyu ne suka yi sulhun, ka je wurin shugaban 'yan tashar da baalen unguwar da kanka, ka nuna musu labarin da hoton gobarar, ka roƙe su su sa hannu tare da ku. Su ma unguwarsu aka ce ta ƙone, su ma fasinja da masu saye za su guje wa wurin. Idan sun ƙi sa hannu, ko izinin a sa lambar wayar ɗayansu a matsayin shaida ya wadatar, domin shi edita zai fara kira kafin ya kira ku.